Wutsiyar Gonar Aman Jemali

Shekara tara muna tebur ɗaya da Sariyani a ofishin ƙungiyar manoman kofi a garin Takengon, kuma har yau ban ga mai tsiwa irinta ba. Da can ɗanɗana kofi ne aikinta. Da Turawan da ke sayen kofinmu suka ce sai sun ga taswirar kowace gona, aka ɗora mata kwamfuta, wai ita ce ba ta tsoron danne-danne.

Aikin ba wuyar faɗi. Manomi ya riƙe waya ya zagaye gonarsa da ƙafa, waya ta zana siffar gonar. Sariyani ta tambayi na'ura: siffar nan dukanta tana cikin ƙasar noma? Ko taku ɗaya ya leƙa dajin gwamnati, na'ura ta ce a'a, kofin mutum ya zauna masa a buhu. "Ba ta san uzuri ba," in ji Sariyani, "sak surukata."

Ana tsakiyar tsinkar kofi, sau uku na'ura tana ƙin gonar wani dattijo, Aman Jemali, wato baban Jemali. Sariyani ta ƙara girman zanen, sai ga gona sumul, amma da wata siririyar wutsiya da ta kutsa daji ta dawo. Ta sa aka kira shi.

"Baba, gona ce wannan ko ɓera? Wutsiyar fa?"

"Kai, yarinyar nan da baki! Kun ce in zagaya, na zagaya."

"Sau uku kana ratsewa wuri guda. Me ka ajiye a can, budurwa?"

Muka kwashe da dariya. Shi ma ya murmusa, yana juya hularsa a hannu.

"Kusan haka ne. Matata, uwar Jemali, ce kwance a can. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa zagaya gona ban tsaya na yi mata addu'a ba."

Kunya ta kama mu duka. Can Sariyani ta ce a hankali, "Baba, in ban yanke wutsiyar ba, ba za a sayi kofinka ba."

"Yanke, 'yata. Ai a cikin akwatinku ne kawai."

Ta yanke, ta sake tambaya, na'ura ta amince. Amma kafin ya tashi sai ta buga masa zanen farko, mai wutsiyar, ta miƙa masa da hannu biyu. Ya daɗe yana dubawa, ya ninke ya sa a aljihun gaba.

"Yauwa," ya ce. "Wannan ce gonata."