Ƙodar Modu Masunci

Modu a bakin kogin Gashuwa ya buɗe ido, kamun kifi kuma shi kaɗai ya iya. Da ciyawar kachala ta shaƙe ruwan, kifi ya yi wuya, sai ga dillali yana neman ƙarti da za su gina filin ƙwallo a ƙasar Larabawa, wai duniya za ta taru a can. Modu, wanda ko yawan 'yan wasa bai sani ba, shi ya fara ɗaga hannu.

Can ya sha wuya ba kaɗan ba. Fasfo yana hannun kamfani, rana kamar bakin tanda, ruwan sha kuwa sai shugaban leburori ya ga dama. Mutumin da ya tashi cikin ruwa, shi ke roƙon kofi guda! Ya dawo ƙafafu a kumbure. Likita a Nguru ya ce ƙodojin sun gaza, sai wanki, wankin ƙoda kuwa ba na talaka ba ne. Matarsa Yagana ta sayar da kwalekwale, ta sayar da komar kamun kifi, har abin sayarwa ya ƙare.

Hadijatu, wata lauya mai kare haƙƙin leburori, ita ta matsa wa kamfanin har suka yarda likitansu ya yi wa Modu tambayoyi ta waya. In aikin ne ya jawo, za su ɗauki nauyin wankin. Yagana ta san ciwon ƙoda ya daɗe yana ɗibar mutanen Gashuwa, ta kuma san mijinta. Ta ce, "Malam, don Allah ka taƙaita magana."

A ofishin lauyar a Nguru, likitan kamfanin ya tambaya ta bakin tafinta, "A danginku akwai wanda ya yi wannan ciwo?"

Yagana ta ƙifta wa Modu ido.

Modu ya ce, "Baba, Allah ya jiƙansa. Sai yayana Abba, Allah ya kai haske kabarinsa."

Likitan ya ce to ai ciwon gida ne, ba na aiki ba. Ya kashe waya.

A motar komawa Yagana ta kasa riƙe kuka. "Da ka ce ba ka sani ba! Wa zai biya maka wankin yanzu?"

Modu ya dubi ƙafafunsa. Ya ce, "Yagana, yaya zan ce ban sani ba? Ni na sa su a kabari."