Baba Sai-ta-jiƙa da Lallen Gindin Taga

Kafin a buɗe ɗakin ba da magani, shi ya riga ya zagaye asibitinmu sau ɗaya. Bokiti a hannu, almakashin datse reshe a aljihun baya, takalmin robarsa duk faci. Yakan fara daga shingen bakin ƙofa, ya bi ta bayan ɗakin haihuwa, ya ƙare a gindin tagar ƙarshe ta ɗakin mata, inda yake daɗewa fiye da ko'ina. Shekara talatin da biyu ke nan yana kula da lambun nan. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, don ido ya yi rauni, ƙirji kuma ya matsa masa.

Mu ma'aikatan jinya muka laƙaba masa Baba Sai-ta-jiƙa. Ko me ka kawo masa ya dasa, amsar ɗaya ce: "Sai ƙasa ta jiƙa." Ba ya yarda da ruwan farko. Sai an yi na biyu, an yi na uku, sannan ya haƙa rami ya zura hannu har gwiwa. In ya ji danshi a can ƙasa, ranar zai yi dashe. In bai ji ba, ko wa ya aiko sai dai ya yi haƙuri.

"Ruwan farko mayaudari ne, 'yata," ya taɓa ce mini. "Fuskar ƙasa kawai yake wankewa, ya bar cikinta da ƙishirwa."

Direban motar marasa lafiya har yau yana ba da labarin wani sabon shugaban asibiti da ya so a cika harabar da furanni a tsakiyar zafi, saboda baƙi za su zo. Baba ya cire hula ya ce, "Ranka ya daɗe, in adon kwana uku ake so, gara a sayo na roba." Aka ɗauko 'yan kwangila suka dasa. Ba a yi sati biyu ba duk suka ƙone. Baba ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya tuge, ya jira damina.

Sau ɗaya tak na ga ya karya dokarsa, kuma ina tuna abin da ciwon zuciya. Shekara tara da suka wuce aka kwantar da maiɗakinsa a gadon da ke jikin tagar ƙarshe. Ni nake kula da ita. Ciwon ya riga ya ci jiki, likita ma bai ɓoye masa ba. Wata rana ta ce warin magani ya ishe ta, tana marmarin ƙanshin furen lalle. Lokacin ƙasa ta bushe ƙamas, saura wata uku ruwa ya sauka.

Washegari na same shi yana saran ƙasa a gindin tagar, da rassan lalle goma sha biyu a jiƙaƙƙen buhu. Na tsokane shi na ce, "Baba, yau kuma ta jiƙa ke nan?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ba ta jiƙa ba. Amma ita ba za ta ga damina ba."

Ya yi wa rassan rumfa da tsofaffin buhuna, safe da yamma yana jido ruwa daga famfon bayan ɗakin wanki. Goma sha ɗaya suka mutu. Ɗaya ya tofo, ita kuma ta ga ganyensa uku kafin ta rasu. Furen sai bayanta ya fito. Yau lallen ya kai tsayin tagar, kuma duk wadda aka kwantar a gadon nan sai ta tambayi daga ina ƙanshin yake shigowa.

Kai ne, Baba, ka koya mana cewa kowane abu da lokacinsa, kai ne kuma ka nuna mana ranar da ake sanin haka a yi gaban kai. Mai haƙuri yakan dafa dutse. Ba ka taɓa riƙe allura ba, amma ka yi jinya tare da mu.

Jiya na ce masa ya yanki reshe daga lallen ya tafi da shi gida, tunda abin da ya rage masa nata ke nan. Ya shafa reshen, ya daɗe, sannan ya saki.

"Yanzu rani ne, mutuwa zai yi. Ita ce ba ta da lokaci. Shi yana da shi, ba zan kashe shi don gaggawata ba. In ta jiƙa zan dawo."

Na ga takardar gwajin ƙirjinsa, shi ma ya san abin da ke ciki. Saura wata huɗu damina.

Mun gode, Baba. Allah Ya ba ka lafiya, Ya jiƙan Inna maiɗakinka. Ku kuma masu karatu, ku riƙe aikinku yadda ya riƙe nasa, ku kuma gode wa irinsa tun suna iya jin godiyar. Bokitin zai dawo hannuna ƙarshen wata, kuma daga ranar da aka yi ruwa na uku zan fara duban bakin ƙofa.