Nishin Hajiya Ladi

Ranar Talata ce, a ƙauyenmu na gefen Ɗantutture. Gero ya shiga rumbu, dawa ta yi kai. Na dawo daga masallaci na tarar da matata, Hajiya Ladi, tana ƙoƙarin miƙewa daga bakin murhu. Ta dafa gwiwa ta ce, "Wash, Allah na." Wannan nishi ya daɗe da zama agogon gidanmu. Na ce mata tun da na bar koyarwa ban ga ƙararrawa mai kiyaye lokaci kamar gwiwarta ba. Ta ce in sha kokona kafin ya huce.

Da hantsi muka ji babura daga yamma. Gunji ne kamar an tada injinan niƙa gaba ɗaya. Sai harbi. Wani ya ƙwalla daga bakin rijiya: "Ga su nan! Ku shiga dawa!"

Muka fita ta bayan gida, inda danga ta faɗi. Ni ne a gaba. Hajiya tana bayana, yadda take bina tun ranar da aka kawo ta ɗakina. Ko gaisuwa za mu, ba ta taɓa jerawa da ni ba. 'Yarmu Saude, wadda ta zo wankan jego, ita ce a ƙarshe, goye da jaririnta.

Mun shiga dawa ke nan aka yi harbi kusa. Na ji Hajiya ta ce, "Wash." Ban waiga ba. Na ce ta daure, in mun isa Kurfi a shafa mata man zafi.

Na riƙe abubuwa da yawa na wannan tafiya. Ganyen dawa yana yankar fuska. Akuyar wani tana kuka a turke. Ƙaurin gero mai ƙonewa, kamar ana gasa tumu. Kiran sallar azahar daga wani ƙauye, ladanin ya yanke a tsakiya.

Bayan la'asar muka fito titi, mai a-kori-kura ya kwashe mu. A asibiti a Kurfi aka ɗaga mayafin Hajiya. Zanen ya jiƙe har ya manne da jiki. Harsashi ya shiga ta kwiɓi. Ma'aikaciyar ta tambaye ni tun yaushe. Ni da nake gane yaro mai ciwon ciki tun daga bencin ƙarshe, ban sani ba. Hajiya ta cika kafin magariba.

Bayan sadakar bakwai Saude ta faɗa min ta ga jinin tun a gona. Uwar ce ta damƙe hannunta: "Kar ki gaya wa Malam. In ya tsaya, ba zai ƙara tashi ba." Saude ta ce har titi Hajiya nishi take yi, kuma ba irin na gwiwa ba. Ni kuwa sau ɗaya kawai na ji.

Yanzu ina Dutsin-Ma, a gidan ɗana. Bara, in na tuna tafiyar, shiru nake ji a bayana. Bana abin ya wuce haka: ina ganinta cikin dawa tana murmushi, ni da ban juya ba ko sau ɗaya. Tsufa irin malamin nan ne mai ƙara wa kowace takarda maki. Ina tsoron baɗi zai ce min ba ta ji zafi ba, in kuma yarda.

Rannan na roƙi Saude ta kwaikwaya min nishin. Ta ɗauki yaronta ta fita.

An ƙone rumbunmu, an kora shanun huɗa. Waɗannan na san yadda suka tafi. Da asuba har yanzu nakan ji "Wash, Allah na" daga wajen murhu. Na gwiwa ne. Ɗayan ban same shi ba.