Zoɓo a Takardar Jarrabawa

Kakata Iya Dije ba ta ba da tatsuniya a banza. A gidanmu na Roni, in an gama kakar gyaɗa sanyi ya fara shigowa, da an idar da sallar isha sai ta sa a juye kwando a gaban murhu, kowane jika ya ja rabonsa yana ɓarewa. Hannunka ya tsaya, bakinta ya tsaya. Ni ce mai yawan musu a cikinmu, shi ya sa take zaunar da ni kusa da ƙafarta, inda ranƙwashi zai isa.

"Ku matso," take cewa, "ga wata ta zo wucewa na kamo ta."

Akwai guda ɗaya da na tsana tun ina ƙarama. Wai wata mata ce ta kwanta ciwo, aka ce maganinta wani ganye ne da ke cikin lambun wata aljana. Aljanar ba ta buɗe ƙofa sai ga wanda ya faɗi sunan ganyen. Matar tana da 'ya'ya mata biyu. Babbar ta tashi a daji wajen kiwo, ta san ganyen ko da ido a rufe, ta san warinsa, ta san yadda yake kaushi a hannu, amma ba a taɓa gaya mata sunansa ba. Ƙaramar kuwa a gari ta tashi, ta haddace sunan, ba ta taɓa ganinsa ba. Babbar ta je ta yi ta kwatance har muryarta ta dushe, aljana ta ƙi buɗewa. Ƙaramar ta je ta faɗi suna, aka buɗe mata, ta shiga ta tsinko wani ganye daban.

"To Iya, uwar fa?" na tambaya.

"Tana nan kwance."

"Me ya hana su tafi tare?"

"Ke dai ɓare gyaɗarki, uwar tsiwa. Ni ma ba su yi shawara da ni ba."

Haka ta bar mu. Na kwanta ina jin haushin aljanar, don a ganina babbar ce mai gaskiya, suna kuwa aikin banza ne.

Yau shekaruna da dama ina koyar da kimiyya a wata ƙaramar sakandare a wani ƙauye kusa da Gwiwa. Ɗakin gwaji ba mu da shi, sai allo da alli. Na ga yara suna haddace abin da ba su taɓa gani ba kamar masu rera waƙa, raina ya ɓaci, na ce wallahi ba a ajina ba. Na fara zuwa da kayan madafa a bayan ɗan acaɓa. Mu jiƙa zoɓo, mu raba a gindin robobin ruwa da muka yanke. A matsa lemon tsami a ɗaya, ya ƙara ja. A zuba ruwan kanwa a ɗaya, ya juye ya koma kore mai duhu. Mu tace ruwan kududdufi da yashi da gawayi da tsumma. Ajin da a da ake gyangyaɗi ya zama har ta taga ake leƙe. Gaskiya na ji kaina ya kumbura. Sunayen Turanci da ke cikin littafi kuwa, sai in karanta su sau ɗaya a gurguje in wuce.

A cikinsu akwai Hadiza, yarinya mai kaifin kai da ban taɓa koyar da irinta ba. Ita ta gano da kanta cewa ruwan toka ma yana juya zoɓo, ta zo da shi a kwalba tana rawar jiki. Burinta ta shiga makarantar kimiyya ta kwana, ta zama likita. Mahaifinta manomi ne, ya ce ya yarda, amma sau ɗaya za ta zauna jarrabawar shiga. In ba ta ci ba, ta ci gaba a babbar sakandaren nan ƙauye, inda babu ajin kimiyya.

Sakamako ya fito, babu sunanta.

Ta same ni a ƙarƙashin darbejiyar makaranta, ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta zayyana mini abin da ta rubuta. An tambayi abin da ake gane sinadari mai tsami da shi. Amsar da ke littafi takardar litimas ce, wadda ko ni rabona da ganinta tun ina kwaleji. Hadiza ta rubuta zoɓo. An tambayi sunan mazubin gwaji, ta rubuta gindin roba. An tambayi kayan tacewa, ta jero yashi da gawayi da tsumma.

"Malama, ba daidai ba ne?"

"Daidai ne, Hadiza."

"To me ya sa?"

Na buɗe baki zan zagi masu duba takarda, don zagin yana kan harshena. Sai na tuna wa ya tsaya a gaban allo yana tsallake sunayen nan da gangan, yana jin daɗin kansa. Ni ce. Duk tsawon shekarun nan na ɗauka Iya tana nuna mana muguntar aljana ce. Ashe aljana ba ta ɓoye sharaɗinta ba. Mai laifin shi ne wanda ya tura yarinya ƙofar alhali ya san abin da za a tambaye ta.

Yanzu duk abin da muka gwada, sai na rubuta sunansa na littafi a allo, mu maimaita har su gaji da ni. 'Yan bayanta za su amfana, in Allah ya so. Hadiza kuwa na je wurin mahaifinta har gona, na ce, "Baba, ba ita ta faɗi ba, ni na kayar da ita. Ka bar ta ta sake." Ya ce zai yi tunani.

Damina ta wuce bai aiko ba. Jiya ta wuce ta bakin tagar ajina, muna tsaka da zuba kanwa a zoɓo, yara suna ta shewa. Ta gaishe ni da ladabi kamar kullum, amma ko kallon teburin da muka jera robobin ba ta yi ba.