Ɗigon da Eckhard Ya Lasa

Eckhard Brunke jikan masu haƙar gishiri ne a arewacin Jamus, kuma a gidansu ba a wuce ɗigon ruwa cikin rami sai an dangwala an lasa. In ya yi ɗaci har ya ƙona baki, tsohon ruwa ne da ya ƙoshi da gishiri, ba abin tsoro. In ya yi lami, daga waje ya shigo, cin bango zai yi.

To, ramin ya daɗe da daina ba da gishiri. An jibge gangunan sharar nukiliya a cikinsa, aikin su Eckhard ya koma toshe ɗakuna da siminti. Doka ta fari ita ce kada kome ya kusanci baki.

Wata rana ya ga bango na tsattsafo dab da ɗakin ganguna. Kafin hankalinsa ya iso, yatsa ya riga ya kai baki. Lami ne.

Detlef, abokin aikinsa, yana tsaye a bayansa.

"Tsoho, miyar matarka Waltraud ce ba ta ishe ka ba?" Ya so ya yi dariya, ta ƙi fitowa. "Ni dai ban ga kome ba. Mu ɗiba a kwalba, masu awo su faɗa ranar da suka ga dama."

Eckhard ya san kwalba layi take bi, ruwa kuwa ba ya jira. Ya kuma san in ya faɗi yadda ya gane, shi da rami har abada. Abin da ya haɗiya bai dame shi kamar wannan ba, don mutum ne mai taurin kai wanda duniyar wajen rami ke ba shi ciwon kai. Ya yi ta juya burodinsa har aka tashi daga cin abinci, sannan ya nufi shugabar aiki, Madam Lüdecke, ya ce ruwan waje ya shigo.

"Ta ina ka sani?"

Ya ɗaga mata yatsa.

Likitoci suka auna shi ciki da bai, ba su sami kome ba. A makon aka saukar da injinan zuƙe ruwa, aka kuma karɓe fitilarsa ta shiga rami, aka ba shi kujera a bakin ƙofa yana miƙa wa wasu tasu. Waltraud ta yi murna, ba ta ɓoye ba. Shi kuwa ranar da kejin saukar da ma'aikata cikin rami ya fara tafiya ba shi, ya yi musu fatan fitowa lafiya kamar yadda aka saba, ya juya bango ya yi kuka.