Wuyan da na kasa zanawa

Shekarun baya can, lokacin ina saurayi a gidanmu na Umdurman, babu abin da nake so a duniya kamar in zama mai zana hotunan littattafan yara. Mahaifina malami ne, jikan alhazan da suka taso daga ƙasar Hausa suka yada zango a nan ba su koma ba. Bai taɓa hana ni zane ba, amma yana da ƙa'ida ɗaya: duk abu mai rai da na zana, mutum ne ko jaki ko zakara, sai na ja layi na ratsa wuyansa. A wajensa hoton da aka yanka ya daina zama surar mai rai, don haka zai iya kwana a gida. Haka malaminsa ya koya masa, ni ma haka na tashi ina yi ba tare da na taɓa tambayar dalili ba.

Wani abokina ne ya haɗa ni da wani dattijon mai zane a Khartum, wanda ake ba shi aikin hotunan littattafan makaranta. Kowa ustaz yake ce masa. Na kwashi zane-zanena na kai masa, na zaɓi waɗanda ban riga na ja musu layi ba. Ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ya yaba hannuwa, ya yaba yadda nake naɗe laffayar mata. Sannan ya ce akwai wani ƙaramin littafin karatu da zai iya bar mini in na gyara abu guda: mutanena ba su da wuya. Kawunansu, in ji shi, kamar an ɗora ƙwarya a kan turmi.

Na fito raina a ɓace, don ni ban ga abin da ya gani ba. Duk da haka na duƙufa. Kullum in haye gadar da ke tsakanin Umdurman da Khartum a bas ina kallon ƙeyar fasinjoji har wata mata ta juyo ta tambaye ni ko lafiya. In zauna wajen mai shayi in yi ta zana masu wucewa. Fuska ta fito, kafaɗa ta fito, tsakaninsu kuwa sai ya zama kamar guntun rake. Na canja fensir, na canja takarda, har na fara zargin idona. Na rasa gane inda matsalar take.

Da abin ya ishe ni sai na koma dabara. Maza na naɗa musu rawani har haɓa, tsofaffi na sakar musu gemu har ƙirji, yara kuma na ɗaura wa kowa mayafi a wuya. Na kai wa ustaz ina jin na gama da shi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni a wace unguwar Khartum ake wannan sanyi, don yana so ya koma can da zama.

Ya ajiye takarda a gabana ya ce in zana shi yana kallon hannuna. Na yi kai, na ɗaga fensir, na sauka na fara kafaɗa, daga baya na dawo na haɗa su da layi biyu cikin sauri.

"Tsaya, ya walad," in ji shi, wato kai yaro. "Me ya sa kake tsallake nan kamar wuta?"

Wallahi sai a lokacin na lura ina yin haka. Wurin da za a yanka, hannuna bai taɓa ɓata lokaci a kansa ba, idona ma bai koyi kallonsa ba. Na ba shi labarin ƙa'idar gidanmu. Bai yi dariya ba. Ya ce shi ba mai fatawa ba ne, salla yake yi kamar kowa, amma ba za a buga wa yara littafi da hoton yara 'yan uwansu a yanke ba. Ya ce in je in yi tunani, in kuma ba zan iya ba in faɗa masa da wuri ya ba wani.

Na koma gida kaina a ɗaure. Ga aikin da na yi shekaru ina mafarki, ga mahaifina da ban taɓa ƙetare maganarsa ba. Na kai kuka wajen mahaifiyata, ta ce ita ba ta shiga tsakanin malam da karatunsa, in je in same shi da kaina.

Bayan la'asar na same shi a kan gadon igiya a tsakar gida, na tsuguna na faɗa masa komai. Na zaci faɗa zai yi, ko ya jawo mini littafi. Sai ya ce malamai sun yi saɓani a kan hoton da ake koyar da yara da shi, shi kuma ratsa wuyan shi ne abin da ya taras. Daga nan ya sa hannu ya warware rawaninsa, ya buɗe maɓallin jallabiya, ya juya gefe.

"To zana mana. Ka duba da kyau, kada ka yi sauri."

Ban taɓa ganin wuyan mahaifina a fili haka ba. Ashe daga bayan kunne yake tasowa, ya karkato gaba, jijiya ta gangaro har ƙashin ƙirji. A karon farko na ja layi ɗaya daga kunne zuwa kafaɗa ban ɗaga fensir ba. Da na gama na miƙa masa. Ya duba, ya ce shi ke nan, ya yi kama. Sai ya karɓi fensirin ya ratsa wuyan hoton da kansa.

"Wannan a gidana zai kwana," in ji shi. "Na littafin kuma, kai ma ka girma."

Na tashi ban san ko izini aka ba ni ko gargaɗi aka yi mini ba. Aikin dai na karɓa, littafin ya fito, daga shi wasu suka biyo baya. Da na kawo masa kwafi ya sa mini albarka, ya miƙa wa jikokinsa ba tare da ya buɗe ba, kuma bai sake tayar da maganar ba.

Yanzu matasa masu koyon zane sukan rubuto mini suna tambaya ko abin da muke yi ya halatta. Nakan ce musu su tambayi malamai, ni abin da na sani shi ne inda wuya yake farawa. Ba rowar amsa nake yi musu ba. Mutum ɗaya ne nake son jin amsar daga bakinsa, na yi ta cewa gobe zan tambaye shi don tsoron kada ya ce a'a, har Allah Ya karɓi abinsa ban tambaya ba.