Matar da Ke Maido Mutane Gida

Jiya jikata ta sayo mini ƙuli-ƙuli a nan Tudun Wada, an ƙunso shi cikin wata tsohuwar takarda da mai ya jiƙa. Ina jin warin takardar nan sai ga ni a ƙauyenmu na bayan Bungudu, ina yarinya, ko azumi ban fara ba. Bari in ba ku labarin, tunda ni dai ba na gajiya da magana.

Kawuna kuku ne a gidan wani Bature a Gusau, kusa da injin gurzar auduga. Wata damina ya zo mana da tsarabar wani littafi da ɗan Baturen ya yar. Ba shi da bango, duk ya sha mai, kuma hotuna ne zalla a cikin 'yan ɗakuna-ɗakuna. Babu mai karatun boko a gidanmu. Kakata, wadda ta haifi Baba, ita ta karɓa, ta yi bisimilla, ta buɗe shi ta dama kamar yadda malamin garinmu ke buɗe littattafansa. Mu a saninmu ta nan ake fara kowane karatu.

Ga abin da muka gani. Wata mace ce ta sauko daga cikin gajimare a kan doki mai fuka-fuki. Hularta ta ƙarfe, ita ma da fuka-fuki, gashinta kamar gemun masara, ga mashi a hannu. Ta kanto wani mutum a gaban sirdi, hannuwansa na reto. Ta shimfiɗe shi a ƙasa cikin jini, ta tsaya a kansa. A hoto na gaba sai ga takobi yana fita daga ƙirjinsa. Gaba kaɗan ya miƙe yana sara. A can ƙarshe yana zaune a gida, yana cin nama da matarsa.

Kaka ta ce, "Kun gani? Wagga maido mutane gida takai."

Malam da ya ji labari bai ji daɗi ba, ya aiko cewa Allah kaɗai ke ta da matacce. Kaka ta ce a gaya masa mutumin bai mutu ba, suma ya yi. Daga nan kullum bayan la'asar sai an buɗe littafin nan a gindin rumbu. Inna, mahaifiyata, ba ta cika magana ba, tsawar kaza ma ba ta iya ba. Amma na sha ganin ta tana leƙowa ta bayan kafaɗar Kaka, da ƙwaryar tsaki a hannu.

Da lokacin girbi ya yi, wata rana da hantsi, muna masussuka a bayan gari muna bugun dawa, Baba ya wuce da jakuna zai kai gyaɗa Gusau. Bai daɗe da gangarawa rafi ba muka ji jaki ya yi wani irin kuka, sannan muryar Baba. Matan suka watse suna kururuwa suka yi cikin gari. Inna kuwa rafin ta nufa, da taɓarya a hannu, ni kuma ina bin ta ban san dalili ba.

Abin da na gani har gobe yana idona. 'Yan fashi ne, sun rufe fuska da rawani. Ɗaya yana kora jakuna, ɗaya ya danne Baba da gwiwa, wani kuma ya riga ya sare shi da adda a ka. Fatar goshinsa ta zazzago ta rufe masa ido, yashi ya yi ja. Mai addar ya ɗaga zai ƙara, Inna ta sauke masa taɓarya a gwiwar hannu. Na ji ƙarar ƙashin, ƙas, kamar an karya busasshen kara. Wanda ya danne Baba ya taso mata da wuƙa, ta cafke kaifin da hannun hagu, ta buga masa gindin taɓaryar a baki. Haƙoransa na gani a kan yashi, kusa da yatsun Inna biyu. Ba ta ko kalle su ba. Da suka ji ihun mazan gari suka ja ɗan'uwansu suka faɗa cikin sabara.

Maza suka iso da sanduna, suka kewaye Baba. Baffana ya taɓa ƙirjinsa, ya sa kunne a hancinsa, ya girgiza kai ya fara salati. Wani ya tuɓe rigarsa zai lulluɓe shi, wani har ya ce a aika a fara haƙa tun rana ba ta yi zafi ba.

Sai Inna ta tsaya a kansa, jini na ɗiga daga hannunta.

"Kak ku ruhe shi. Suma ta."

Baffa ya ce, "Haba ke kuwa, yi haƙuri. Ya cika."

"Na ce suma ta! Wanda duk yat taɓa mai riga, shi ma sai an ɗauke shi."

Ba wanda ya matsa. Ta kamo jaki guda da ya rage, ta cicciɓi Baba ita kaɗai, ta kanta shi a kai, hannuwansa na reto, ta kora har gida. Kaka ta yage zanenta ta ɗaure kan. Wanzami ya zo ya mai da fatar, ya ɗinke, ya ɗora ƙarfe mai zafi a inda jinin ya ƙi tsayawa. Ƙaurin ya cika gidan. Inna tana marin kumatunsa tana cewa, "Tashi, malam! Tuwo na nan, tashi!" Da ƙarfen ya sake sauka sai ƙafarsa ta harba, ya ja wani numfashi kamar na bijimin sa. Baffa ya zauna daɓas a ƙasa.

Baba ya rayu har ya ga aurena, da tabo daga gira zuwa tsakar ka. In yana son tsokanar Inna sai ya ce, "Ina mai doki?" Ita kuma ta ɗaga masa hannun nan mai yatsu uku ta ce ya biya ta sauran.

Littafin gara ta cinye shi tuntuni. Amma da na ba jikata labarin nan jiya, ta yi ta latsa wayarta har ta nuno mini mata masu irin hular. Ta ce daga tatsuniyar mutanen wata ƙasar ƙanƙara aka ɗauko su. Sai kuma ta ce, "Hajiya, ai ta hagu ake fara nasu. Daga ƙarshe kuka faro. Mutumin yana gida, ya tafi yaƙi, aka kashe shi. Ita gawa ta zo ɗauka."

Na daɗe ina kallon takardar ƙuli-ƙulin. Yanzu kowane yaro a gidan nan ya san ta inda ake buɗe littafin Bature, kuma ina yi musu murna. Na ce mata, "To, Allah ya yi wa Kaka rahama da ba ta iya ba. Da ta buɗe ta hagu, da kafin azahar an binne Babana."